Tukwanen Ladi Kwali: Yadda Toka Ke Zama Ƙyalli

Mai karatu, in ka duba bayan takardar Naira ashirin, za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar Gwari daga garin Kwali, wadda ta rasu a shekarar 1984. Tun tana yarinya ta koyi gini da hannu a gida. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, wadda wani Bature mai suna Michael Cardew ya kafa. Ita ce mace ta fari da ta shiga.

A can ta tarar da sabon aiki. Tukwanenmu na gida da itace da ciyawa ake gasa su a fili. Amma a makarantar, cikin tanderu ake gasawa, zafinsa ya wuce digiri 1,200, har yumɓu ya ƙanƙame kamar dutse.

Ga yadda take ado. Tun tulu yana da ɗan danshi sai ta zana masa ƙadangare, kunama, kada, kifi da hawainiya. Sa'an nan ta cika zanen da farin yumɓu, ta kankare wanda ya yi saura. Daga baya a shafe tulun da ruwan ƙyalli. Mene ne wannan ruwa? Ba wani abin mamaki ba ne: garin dutse ne da toka da yumɓu, a dama da ruwa kamar kunu. Kafin a gasa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Wuta ce ke narkar da shi ya zama gilashi, zanen kuma ya bayyana ta ƙarƙashinsa. Irin waɗannan tuluna aka nuna a London a 1958, mutane suka yi ta sha'awa.

Amma a lura da abu guda. Randar gida tana sanyaya ruwa domin tana tsatsafo, iska kuma tana busar da gumin. Tulu mai ƙyalli ba ya tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyi. Ƙyalli ya dace da kofi da faranti, gama yana da sauƙin wankewa. Uwargida, kada ki yar da randarki don ba ta walƙiya. Kowace tukunya da aikinta.

Iyaye kuma, kada mu rena sana'ar hannu a gaban 'ya'yanmu. Ladi ba ta yi karatun boko ba, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Allah da ya aiki annabi Irmiya gidan maginin tukwane ya san darajar wannan aiki. In 'yarka tana son taɓa yumɓu, ka ƙarfafa ta.