Dalilin da baƙi a Japan ke rububin tsohuwar Skyline

Sojojin Amurka da sauran baƙin da aiki ya kai Japan sukan zuba kuɗinsu a Nissan Skyline GT-R ƙirar 1989. Sirrin yana cikin injin: silinda shida, lita 2.6, turbo biyu. Ƙarfin doki 280 kamfanin ya rubuta, saboda yarjejeniyar masu ƙera motoci ta kada a wuce wannan adadi, amma da gwanin makaniki ya sauya turbo ya saita kwamfuta, sai motar ta nuna ainihin ƙarfinta. Gwanin ban sha'awa!

Sai dai gyara yana da iyaka. A Japan, duk shekara biyu akwai binciken mota da ake kira shaken, inda ake auna hayaƙi da ƙara, kuma dole ƙasan motar ya ɗaga aƙalla santimita 9 daga titi. Ta fuskar farashi kuwa, Amurka tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25, shi ya sa farashin Skyline ƙirar 1989 ya haura tun 2014.