Gwajin jini kafin aure: Wa aka horar ya yi wa jama'a bayanin sakamakon?

A watan Mayun 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure yin gwajin lafiya, ciki har da gwajin jinotayif, wato gwajin da ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS. Manufar dokar a bayyane take: rage yawan yaran da ake haifa da cutar sikila, wadda Bahaushe ya daɗe yana kira amosanin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da tana sa shi rashin lafiya ba.

Sai dai takardar sakamako haruffa biyu kawai take ɗauke da su. Saurayi da budurwar da aka ce musu dukkansu AS ne suna buƙatar wanda zai zaunar da su ya fayyace musu abin da hakan ke nufi, da abin da za su iya yi a kai. Wannan aiki fanni ne mai zaman kansa a ilimin likitanci, yana da manhajarsa da jarrabawarsa, kuma ƙarancin waɗanda aka horar a kansa babban giɓi ne a yaƙi da cututtukan gado.

Yadda fannin ya samo asali

Cutar sikila na cikin cututtukan da suka buɗe ƙofar wannan ilimi. Wani likita a birnin Chicago, James Herrick, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1910, bayan an ga jajayen ƙwayoyin jinin wani ɗalibi sun lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini, sannan a 1956 Vernon Ingram ya gano ainihin gurbin da ya sauya a sinadarin.

Ganin yadda ilimin ke bunƙasa, Victor McKusick ya kafa sashen nazarin cututtukan gado a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka a 1957. A 1966 ya wallafa kundin da ya tattara cututtuka da siffofin da ake gada, wanda a yau ake ci gaba da sabunta shi a intanet. Amma likitoci sun lura cewa gano cuta rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne isar da saƙon ga iyali. Saboda haka a 1969 Melissa Richter ta buɗe kwas ɗin digiri na biyu na farko don horar da masu ba da shawara kan cututtukan gado a Kwalejin Sarah Lawrence da ke Jihar New York. Shekara goma bayan nan, a 1979, masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa.

Ma'aikata iri uku

A ƙasashen da fannin ya kafu, ana horar da rukuni uku. Na farko su ne likitocin da, bayan kammala karatun likitanci, suke ƙara shekaru suna ƙwarewa a gano cututtukan gado da kula da masu su. Na biyu su ne masana ɗakin gwaji, waɗanda ke nazarin jini da kuromosom 46 da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam da kuma DNA. Na uku su ne masu ba da shawara, waɗanda ke zama gada tsakanin ɗakin gwaji da iyali.

Karatun mai ba da shawara yakan ɗauki shekara biyu. Ana koya masa zana taswirar dangi ta akalla zuriya uku, daga kakanni zuwa jikoki, domin a ga yadda cuta ke bin jini. Ana koya masa lissafin yiwuwar gado, da ilimin halayyar ɗan Adam, da riƙe sirrin majiyyaci, sannan ya zauna da iyalai masu yawa a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a ba shi shaida. Babbar ƙa'idar sana'ar ita ce kada ya yanke wa kowa hukunci. Nasa shi ne ya shimfiɗa gaskiya dalla-dalla, ma'aurata su zaɓa gwargwadon imaninsu da halin da suke ciki.

Kurakuran da horo ke magancewa

Kuskuren da ya fi yaɗuwa ya shafi lissafi. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 a haifi AS, kashi 25 kuma AA. Mutane da dama suna fahimtar cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai kamu, don haka idan na fari ya zo da cutar, ukun da ke biye sun tsira. Alhali kowane ciki lissafinsa daban ne: ana iya haihuwar huɗu duka SS, ana iya haihuwar shida babu SS ko ɗaya.

Akwai kuma masu haɗa rukunin jini, wato A da B da AB da O, da jinotayif, alhali abubuwa ne biyu mabambanta. Wasu ba su san da himogulobin C ba, wanda ake samu a Afirka ta Yamma, musamman arewacin Ghana da Burkina Faso. Idan AS ya auri AC suna iya haihuwar SC, shi ma nau'in sikila ne. A ɗakin gwaji ma, gwajin da ke nuna lanƙwashewar ƙwayoyin jini kawai ba ya bambanta AS da SS, kuma jinin wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan yana iya ba da sakamakon da ba nasa ba. Ma'aikacin da aka horar zai tambayi irin gwajin da aka yi kafin ya buɗe baki.

Auren zumunci, wanda ke da daraja a ƙasar Hausa, shi ma yana buƙatar bayani cikin hikima. Dangantaka ba ta ƙirƙirar cuta, sai dai tana ƙara yiwuwar miji da mata su gaji ƙwaya iri ɗaya daga kaka guda. Wanda ya iya zana taswirar dangi zai iya faɗa wa iyali ko akwai abin dubawa, ba tare da ya ci mutuncin al'adarsu ba.

Darasi daga Amurka

Tarihi ya nuna illar gwaji ba tare da bayani ba. A farkon shekarun 1970 jihohin Amurka da dama sun shiga yi wa baƙaƙen fata gwajin sikila, wasu ma bisa tilas, alhali babu isassun masu fassara sakamakon. Sai aka riƙa ɗaukar masu AS, waɗanda lafiyarsu ƙalau, a matsayin marasa lafiya. An ƙara wa wasu kuɗin inshora, wasu suka rasa aiki, kuma makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙasar ta ci gaba da ƙin karɓar masu AS har zuwa 1981. Irin wannan tsangwama na iya faɗawa kan budurwar da aka fasa aurenta, labari ya bazu a unguwa cewa tana da ciwo, alhali idan ta auri mai AA ba za ta haifi mai sikila ba.

Inda Afirka ta tsaya

Afirka ta Kudu ce ta riga sauran ƙasashen nahiyar, inda jami'o'in Witwatersrand da Cape Town ke ba da digiri na biyu a wannan fanni. A 'yan shekarun nan Jami'ar Ghana ta bi sahu ta hanyar cibiyarta ta nazarin cututtukan gado ta Afirka ta Yamma. Ghana dama tana da tarihi a nan, domin tun 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci shirin yi wa jarirai gwajin sikila a Kumasi. Shirin ya haɗa da koyar da iyaye, saboda jaririn da aka gano da wuri, aka sa shi a kan maganin fenisilin da rigakafi, aka kuma koya wa uwarsa gane zazzaɓi mai haɗari da kumburin saifa, ya fi samun damar rayuwa.

A Najeriya, Gidauniyar Sikila da Farfesa Olu Akinyanju ya kafa a Legas a 1994 ta daɗe tana shirya gajerun kwasa-kwasai ga likitoci da ma'aikatan jinya kan ba da irin wannan shawara. A asibitocin koyarwa kuwa, likitocin jini da na yara ne ke ɗauke da yawancin nauyin, a kan cunkoson majiyyatan da suke dubawa.

Ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200 ba za ta iya jiran masu digiri na biyu kaɗai ba. Hanya mafi kusa ita ce a cusa wannan darasi sosai a manhajar makarantun jinya da ungozoma da kwalejojin fasahar lafiya, tunda ɗalibansu ne ke cike asibitocin karkara, yayin da jami'o'i ke samar da ƙwararrun da za su horar da su kuma su sa musu ido. Dole ne horon ya haɗa da harshe, domin ma'aikacin da ya karanci darasi da Turanci zai yi bayaninsa ne da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ga tsohuwar da ba ta taɓa jin kalmar himogulobin ba. Limamai da waliyyan da ake kai wa takardar gwaji kafin ɗaurin aure su ma suna buƙatar sanin bambancin AS da SS, saboda a hannunsu takardar ke ƙarewa.