Fadama Mai Kanwa: Ku Duba Ƙasa Kafin Ku Ci Bashi

Ya ku 'yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hankalin ƙungiyoyinmu ya koma fadama. Yanzu ne kwamiti yakan zauna a yi shawarar cin bashi domin a sayi injin ban-ruwa da iri da takin zamani. Kafin a sa hannu a takardar bashi, akwai tambaya guda wadda ya kamata a amsa: wace irin ƙasa ce za mu zuba wa ruwan nan? Gama ba kowace fadama ce take da albarka ba. Akwai wadda za ka gani baƙa wuluk, a shimfiɗe kusa da ruwa, ka ce ka yi tsintuwa, alhali kuwa kanwa ta riga ta kama ta.

Daga ina kanwar take zuwa?

Dukanmu mun san kanwa a miya da wadda muke ba dabbobi. Fatake sun daɗe suna kawo ta daga ƙasar Manga a Nijar da bakin Tabkin Cadi. A can, cikin kwaruruka ake kankare ta, inda ruwa yake kwantawa ya ƙafe. Abin da yake faruwa a can shi ne yake faruwa a fadamunmu, sai dai a hankali.

Kowane ruwan kogi ko na rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri narkakke wanda ido ba ya gani. Idan ruwan ya sami hanya ya wuce, sai ya tafi da gishirinsa. Amma idan fadama ba ta da mafita, ruwa yakan taru a ƙarƙashi kusa da fuskar ƙasa. Da rani sai ya riƙa hawowa kamar yadda kananzir yake bin lagwanin fitila. Rana ta shanye ruwan, gishiri da kanwa su zauna. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, har su yi yawa.

Ana samun irin wannan ƙasa jefi-jefi a fadamun Haɗejiya da Nguru, da bakin kogin Yobe, da kewayen Tabkin Cadi. A arewacin Kamaru, wajen Marwa, Fulani suna kiran irin wannan fako harde. Aikin ɗan adam kuma yana ƙara mata. Bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gudana a kogin Haɗejiya har da rani, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wurare da yawa suka zama ruwa yana kwana a cikinsu. Duk inda aka kai ruwa gona ba a yi masa hanyar fita ba, an buɗe wa kanwa ƙofa.

Ƙasar gishiri dabam, ƙasar kanwa dabam

Ƙasar gishiri takan yi fari a sama da rani, amma tana shan ruwa. Idan aka yi mata magudana, ruwa mai kyau yakan wanke ta. Ƙasar kanwa ta fi wuya. A cikin kanwa akwai wani sinadari da masana suke kira sodiyam. Laka mai lafiya takan dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsaki, iska da ruwa da saiwa suna bi ta tsakani. Sodiyam kuwa yakan wargaza dunƙulen nan, lakar ta baje ta toshe dukan ƙofofin ƙasa. Masana sun ce idan sodiyam ya kama kashi 15 cikin 100 na wuraren da laka take riƙe abincin shuka, ƙasar ta zama ta kanwa. A ma'aunin tsami da kanwa kuwa, inda 7 take tsakiya, irin wannan ƙasa takan wuce 8.5.

Ga alamunta:

1. Ruwa yakan kwana bisanta kwana da kwanaki, amma in ka tona sai ka tarar ƙarƙashi a bushe. Ruwan da ya kwanta kuma ba ya tacewa, kullum a gurɓace.
2. Da jiƙa tana da santsi kamar sabulu. Da bushewa ta yi tauri, fartanya tana tsalle.
3. Bayan ban-ruwa takan yi ɓawo a sama, tsiro ya kasa huda shi.
4. Wani wuri za ka ga baƙin tabo kamar an zubar da baƙin mai. Ruɓaɓɓen ganye ne kanwa ta narkar ta fito da shi sama. Wannan baƙin ne yake ruɗin mutane.
5. Shuka tana fitowa tsalli-tsalli, gajeru, sabon ganye rawaya, ko da an ba ta taki.

Gwaji uku da ba su cin ko kwabo

Na fari, da rani ku haƙa rami mai zurfin ƙafa shida a wuri uku ko huɗu, ku dawo kashegari. Idan ruwa ya taru a ƙafa uku ko huɗu daga sama, ruwan ƙarƙashi ya yi kusa ƙwarai.

Na biyu, ku ɗauki busasshen ɗan dunƙulen ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya daga sama, ɗaya daga bangon ramin. Ku sa su a hankali cikin faranti mai ruwan sama, kada ku motsa. Ku duba bayan awa biyu. Idan dunƙulen ya farfashe amma ruwan yana nan garau, da sauƙi. Idan wani hazo kamar ruwan koko ya kewaye shi, sodiyam ne yake aikinsa.

Na uku, matanmu sun san yadda zoɓo yake sake launi in kanwa ta taɓa shi. Ku dama ƙasar da ruwan sama, ku tace, ku ɗiga ruwan zoɓo kaɗan wanda aka tsinka. Idan jan ya juya shuɗi-shuɗi ko kore-kore, akwai kanwa.

In alamun nan sun bayyana, ku roƙi malamin gona ya kai ƙasar a auna ta a ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Ku haɗa da kwalba guda ta ruwan rijiyar da za ku yi ban-ruwa da shi, gama wani lokaci a cikin ruwan cutar take.

Abin da ba ya magani

Ƙarin ruwa ba tare da mafita ba yana ƙara cutar. Ƙarin buhunan taki asarar kuɗi ce, gama saiwar da ba ta numfashi ba ta cin abinci. Takin yuriya da aka watsa bisa ƙasar kanwa, mai yawa daga cikinsa yakan bi iska, sai an binne shi. Kada kuma a zuba toka ko farar ƙasa. Su maganin ƙasa mai tsami ne, a nan kuwa ƙara wa Barno dawaki ne.

Abin da yake magani

Magudana ita ce ta fari. A haƙa babban lambatu mai zurfi wanda zai kai ruwa kogi ko wani kwari da ya fi gonakin gangare, a riƙa yashe shi kowace shekara. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, domin lambatun zai ratsa gonakin mutane da yawa. Ruwan da ka kora daga gonarka kuwa, kada ya sauka a gonar maƙwabcinka. Aikin gayya ne, sai a nemi yardar mai unguwa da dukan masu gona a wurin, ko suna cikin ƙungiya ko ba sa ciki.

Na biyu shi ne jifsam, wani farin dutse mai taushi wanda kamfanonin siminti suke saye. Ana haƙar sa a wajen Fika a jihar Yobe, da Dange da Shuni a jihar Sakkwato. Idan aka niƙa shi aka gauraya da ƙasar sama, yakan ture sodiyam daga jikin laka, sa'an nan ruwa mai kyau ya wanke shi zuwa lambatu. Ba ɗan kaɗan ake bukata ba. Eka guda takan ci buhu 20 zuwa 40 masu kilo 50, wani lokaci fiye. Awo ne zai nuna adadin. Takin suffa ma kusan rabinsa jifsam ne, saboda haka ya dace da irin wannan ƙasa, ko da yake shi kaɗai ba ya isa.

Na uku, takin gargajiya. Kashin shanu, da buntun shinkafa, da zamarke da aka shuka aka kife shi ɗanye, duk suna buɗe ƙasa. A rufe fuskar ƙasa da kara ko ciyawa da rani domin rana ta rage jawo ruwa sama.

Na huɗu, a zaɓi abin shuka. Shinkafa tana jure kanwa, tsayuwar ruwanta kuma tana taimakon wanki. Alkama da auduga suna jurewa gwargwado. Wake da gyaɗa da masara ba su da haƙuri da ita. Idan a kunya ake ban-ruwa, a shuka a gefen kunya, gama a ƙoƙuwarta gishiri yake taruwa. Inda abin ya yi muni ƙwarai, a bar wa ciyawar kiri-kiri da bagaruwa, a sami kiwo da itace.

Hanyar nan an gwada ta. A ƙasar Indiya an kafa cibiyar binciken ƙasar gishiri a garin Karnal a 1969, kuma da jifsam da noman shinkafa da alkama manoman can suka farfaɗo da filaye masu yawa da aka fid da rai da su. Amma aikin yana cin shekara biyu ko uku kafin a ga amfani sosai, bashin banki kuwa ba ya jiran shekara uku.

Shawararmu ga kwamiti

A fara da ɗan fili, taki goma tsawo, taki goma faɗi. A yi masa magudana da jifsam da taki, a bar na kusa da shi yadda yake, magatakarda ya rubuta abin da kowanne ya bayar. In an ga bambanci, a faɗaɗa. In kuwa babu inda ruwa zai fita, a nemi wani fili tun kuɗin ƙungiya yana hannu.

A Littafin Mahukunta sura 9, da Abimelek ya ci birnin Shekem, gishiri ya barbaɗa masa domin ya zama kufai. Abin da aka yi wa abokin gaba da gangan, kada mu yi wa 'ya'yanmu da rashin kula. Ƙasar nan amana ce Ubangiji ya sa a hannunmu. A taronku na gaba, ku zo da faranti da ruwan sama da ƙasar fadamarku, a gwada a gaban kowa. Allah ya ba mu rani mai albarka.