Damina, Ɗari da Bazara: Abin da Ke Kashe Mutane a Birane Zamanin Turawa

 Yau za mu waiwaya baya, mu duba abin da ke kashe mutane a manyan garuruwan ƙasar nan zamanin mulkin Turawa, watau tun daga 1903 da suka ci Kano da Sakkwato har zuwa 1960. Kada mutumin ƙauye ya ce ina ruwansa da zancen birni. Kowace shekara, da an gama kaka, samarinmu sukan tafi cin rani, kuma abin da ya same su can, gida suke kawo shi.

Likitocin Gwamnati na wancan zamani sukan rubuta rahoto kowace shekara. A ciki akwai lissafin waɗanda suka kwanta asibiti da waɗanda suka mutu, akwai kuma awon ruwan sama da na zafi, wata-wata. Amma lissafin nan gurgu ne. In Bature guda ya mutu a Bariki, sai a rubuta ranar da cutar da ta kashe shi. Cikin birni kuwa, jariri yakan rasu da safe a binne shi kafin azahar, ba wanda ya rubuta. Duk da haka, in an haɗa rahoton da abin da tsofaffi suka ba da labari, abu guda ya fito fili: kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake zuwa da ita.

Mu fara da damina. Birni irin Kano da jar ƙasa aka gina shi, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini sai a bar rami. Ruwa na sauka, ramukan nan sun zama kududdufai, sauro ya sami gidan haihuwa a bakin ƙofar kowa. Saboda haka zazzaɓi yakan yi tsanani daga Agusta har Oktoba, kuma ƙananan yara ya fi ɗauka. Da can Turawa suna tsammani mugunyar iskar fadama ce ke kawo shi, sai a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. To, me suka yi da wannan sani? Suka riƙa shan kwinin kullum, suna kwana cikin gidan sauro, suka kuma kafa doka a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. A ganina wannan dabara kansu kaɗai ta tsare. Yaron da ke kwana gefen kududdufi bai ƙaru da kome ba.

Ruwan nan kuma shi ke wanke ƙazantar gari ya zuba cikin rijiyoyi marasa baki, sai zawo da atuni su tashi, ga shi lokacin rumbu ya yi ƙasa, jikin yara ba ƙarfi. An sami sauƙi a Kano sa'ad da En'e ta jawo ruwan famfo daga Calawa, farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wani abin mamaki, kwalara da muke tsoro yanzu ba ta cikin cututtukan wancan zamani. Sai ƙarshen 1970 ta shigo Nijeriya.

Da hunturu ya kama, sai tari da ciwon haƙarƙari su taso wa tsofaffi da jarirai. Mutane sukan toshe kowace kafa ta ɗaki, su hura wuta, su kwana cikin hayaƙi. Lokacin ne kuma hanyoyi suka bushe, fatake da almajirai da 'yan cin rani suka cika gari, agana ta sami abin hawa. Ba banza ba Hausawa suke ce mata 'yan rani. Masu yin lamba sun sha wuya da jama'a, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke yi in sun hango su tafe. Amma lambar nan ce ta ga bayanta: tun 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba, a 1980 kuma aka yi shela ta ƙare a duniya duka. Ƙyanda ita ba ta ƙare ba, har yanzu da rani take tashi, shi ya sa ake cewa a kawo yaro allura in ya cika wata 9.

Akwai annobar da ba ta jira lokacinta ba, watau murar 1918 wadda tsofaffi ke kira Marisuwa. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano tun 1911, kafin shekara ta fita ta game Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya.

Yanzu ga wadda na fi so ku riƙe, watau sanƙarau. Ba cutar da ke bin yanayi sau da ƙafa kamarta. Takan fara ɓullowa cikin sanyi, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, sa'an nan da ruwan farko ya sauka sai ta kwanta kamar an zuba wa wuta ruwa. Likitoci sun rubuta ɓarkewarta a Arewa tun 1905, ta kuma yi mummunar ɓarna a 1949 da 1950. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya garau, su kansu ba su sani ba. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙeƙasa hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, ta hau zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga wani zuwa wani kuwa ta numfashi da tari take bi. Ku duba zauren da mutum 15 ko 20 suka kwana kai da kai, ba taga, ƙofa a rufe. Irin wannan masauki baƙon birni yake samu a da, irinsa kuma yawancin 'yan cin rani ke samu har gobe.

Kafin ƙarshen shekarun 1930 ba wani magani mai ƙarfi, mafi yawan waɗanda ta kama ba sa tashi. Da ƙwayoyin M&B suka zo aka fara ceton mutane da yawa. Amma kada ku ce ta tafi tare da Turawa. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar da aka fara yi a nan a 2011 ta karya lagon iri guda na ƙwayar, sai wani iri ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare mutum daga iri 5.

To, in ɗanku zai tafi cin rani, ku tambayi malamin asibitinku ko akwai allurar, a yi masa kafin ya tashi. Ku gaya masa ya nemi ɗaki mai taga, ya bar ta a buɗe, in cunkoso ya yi yawa gara ya shimfiɗa tabarmarsa a waje cikin gidan sauro. In kuwa wani ya kwanta da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, wuyansa ya sandare har ba ya iya sunkuyar da haɓa ta taɓa ƙirji, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, kada a tsaya tsaga ko turare, kada a ce sai gari ya waye. Sanƙarau yakan kashe cikin kwana guda. A nemi abin hawa a kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.