Ƴan ƙananan kalmomin da ke kada mu a Ingilishi

Jama'a, mu da muka yi lakwal da Faransanci, ba manyan kalmomi ke kada mu a Ingilishi ba, ƴan ƙananan nan ne masu bin aikatau. Ku ɗauki look: look at dubawa ce, look for nema, look after kuwa kula da mutum. Ɗan uwa a Kumasi ya rubuto "look after Inna", in aka fahimta da nema, sai hankali ya tashi, a zaci tsohuwa ta ɓata. Kan kuɗi ma a kula sosai: paid by Ali, Ali ne ya biya, paid to Ali, shi aka biya. Faransanci kuma na jan mu zuwa depend of, alhali depend on ake cewa.