Ƙahon da ke faɗuwa, da saniyar da ke tauna ƙashi

Kun san ƙahon sa da na rago: in ya fito, ya zauna ke nan har ranar yanka. To, a ƙasashen sanyi akwai wata dabba mai kama da barewa, Faransawa suna ce mata "cerf". Namijinta yana da ƙaho mai rassa kamar itace. Ranar da na fara ganin hotonsa a littafin lakkwal, na ɗauka ƙirƙirar mai zane ce. Kowace shekara ƙahon nan yana faɗuwa, wani sabo ya tsiro ya cika cikin wata huɗu ko ƙasa da haka. Wani lokaci yana ƙaruwa da santimita 2 a kwana ɗaya.

Da farko ƙahon ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne irin na kunne, lulluɓe da fata mai laushi da jijiyoyin jini. Daga baya gishirin ƙashi guda biyu, kalsiyom da fosfor, suke shiga ciki su taurara shi. Haka ƙashin ƙafar ɗan maraƙi yake tsawo. Ƙahon raƙumin dawa ma da guringuntsi yake farawa, irin waɗanda aka kwaso daga Kure aka kai dajin Gadabeji cikin 2018.

Masana sun riƙa ɗibar jinin dabbar nan wata bayan wata suna awo. Sun ga wani sinadari da ake kira fosfatas yana hawa sa'ad da ƙaho ke girma, ya sauka in ya gama taurara. Sun ga kuma wata alama da ke nuna tsohon ƙashi yana narkewa. Ashe ciyawa ba ta isar dabbar, sai jikinta ya ci bashin gishiri daga haƙarƙari ya kai ga ƙaho, ya biya daga baya.

A nan zancen ya iso garkenku. Saniyarku ba ta zubar da ƙaho, amma tana cin wannan bashi duk sa'ad da take da ciki ko tana shayarwa, don nono cike yake da kalsiyom da fosfor. Akuya ja ta Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye, ita ma haka. Jigawar ƙasarmu kuwa ba ta da fosfor sosai, shi ya sa muke ce muku ku zuba takin sufa. Abin da babu a ƙasa, babu shi a kara. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, bashi yana ta taruwa, ba abin biya.

Ana iya gane wannan ta awon jini, kamar yadda ake yi a LABOCEL, ɗakin binciken dabbobi na Yamai. Amma Yamai da nisa, sai ku sa ido. Saniya tana tauna ƙashi, ko tsumma, ko tana lasar ƙasa? Tana tafiya da ƙyar kamar mai ciwon gaɓɓai? Ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba? Kada ku ce kwaɗayi ne ko sammu.

Tauna ƙashin mushe shi ya fi ba ni tsoro. Cikin ruɓaɓɓen mushe akwai guba mai shanye ƙafafu da harshe, saniya ta kwanta ba ta tashi. Ta kashe shanu da yawa a Ferlo, ƙasar Sanagal, a shekarun 1960. Ku binne mushe da zurfi, nesa da rijiya. Akwai allurar rigakafi, ku tambayi malamin dabbobi.

Da yawanku za su ce: ai muna ba su kanwa. Madalla, amma kanwa ba ta da fosfor. Dusa tana da shi. Harawa da ganyen gyaɗa suna da kalsiyom, ku adana su a inuwa kan rumfa. In kun sami dutsen lasa mai fosfor, ku saya. In babu, ku ƙone ƙashi har ya yi fari fat, ku daka, ku tankaɗe, ku gauraya da gishiri da dusa. Ɗanyen ƙashi kam, kada ku ba su. In abin kaɗan ne, ku fara da masu shayarwa da masu tsohon ciki, bijimi ya jira.