Wa ke tada wayarka cikin dare ta shanye caji?

Ka kwanta waya cike da caji, da asuba ka tarar ya zube sosai, alhali ko taɓa ta ba ka yi ba. Nan da nan sai ka ce batir ya mutu, ka fara lissafin kuɗin canji. A inda wuta ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama, har wani lokaci sai ka biya a shagon caji, wannan ba wasa ba ne. Amma sau da yawa batir ba shi da laifi. Wayar ce ba a bari ta yi barci ba.

Kashe fuskar waya ba shi ne barci ba. Barcin gaske shi ne lokacin da ƙwaƙwalwar wayar ta tsaya cak, sai 'yan sassa kaɗan da aka bari suna gadi, kamar maɓallin kunnawa, agogo da sashen da ke kama sabis. Kowane sashe yana da ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke tsakaninsa da Android. Direban ne ke sanar da tsarin wayar cewa sashensa na da izinin tada ta. Kira na shigowa, sashen sabis sai ya aika sigina, wayar ta farka, ta yi ƙara.

Ga inda matsalar take. Idan direba ko manhaja na cikin aiki, sukan riƙe wani abu mai kama da sakata, wanda ke hana wayar komawa barci har su gama. Idan wanda ya rubuta manhajar ya manta bai sa ta saki sakatar ba, shi ke nan: fuska a kashe, amma ciki ido biyu har gari ya waye. Haka ma idan ana tada ta kowane ɗan lokaci, kamar mai barcin da ake ta buga wa ƙofa.

Google ya san da wannan. A 2015, cikin Android 6.0, ya kawo tsarin Doze: idan waya na ajiye wuri ɗaya, fuska a kashe, ba a jone da caji ba, sai a jinkirta ayyukan manhajoji, a riƙa buɗe musu ƙofa lokaci-lokaci su yi su gama tare. Kira da saƙonni masu muhimmanci kuwa suna wucewa. A 2016 Android 7.0 ya faɗaɗa shi har zuwa lokacin da wayar ke aljihu kana tafiya.

To me za ka yi? Shiga saitin batir ka duba wace manhaja ce ta ci caji alhali ba ka buɗe ta ba, ka taƙaita mata aiki a bayan fage. Kada ka riƙa ba kowace manhaja izinin tsallake tsarin tattalin batir don kawai ta roƙa. Ka riƙa sabunta wayarka, domin gyaran direbobi ta nan yake zuwa.

Sannan ga gwaji mai sauƙi: dare ɗaya ka sa ta a yanayin jirgin sama. Idan cajin ya tsaya, to raunin sabis ko wata manhaja ce ke tada ta. Idan duk da haka ya zube, kuma saitin bai nuna mai laifi ba, sai ka nufi wurin mai gyara.